Ranar Alhamis Za a Cire Na Hagu

Masu karatu, yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Waɗanda suka daɗe suna bin shafin nan sun san ni da surutun ɗinki da ƙorafin 'yan ajina. Waɗanda yau suka fara leƙowa kuwa, ga ni: malamar firamare ce, aji uku nake koyarwa, shekarata ashirin da takwas. Ni ce auta a gidanmu, har sunan ya manne mini. Saura sati bakwai aurena lokacin da abin nan ya faru. Kuma likita ta ce za a cire mini nonon hagu gaba ɗaya.

Da gangan na rubuta kalmar. A gidanmu wata biyu aka yi ba wanda ya furta ta. "Wurin" ake cewa. "Ya wurin?" "Wurin yana ciwo?" Sai ka ce wani fili muka saya a bayan gari.

A wanka na fara jin sa, ɗan ƙullutu mai tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na share shi kusan wata guda. Ranar da na nuna wa Yaya, babbar 'yar gidanmu da ke aiki a kantin magani, taɓawa ɗaya ta yi ta ce, "Ɗauko mayafinki." Daga nan aka shiga hoto, aka sa allura aka ɗebi tsoka, aka ce mu jira. Da sakamakon ya fito aka ce kansa ce.

Ranar Litinin muka koma, ni da Yaya, don a sa ranar aiki. Likitar doguwa ce, ba ta da yawan murmushi, amma idonka take kallo in tana magana. Ta juya bayan wata takarda ta zana da'ira, ta ɗiga ɗigo biyu a ciki.

"Ƙullutun biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya can ƙasa, kuma nonon naki ba babba ba ne. In na ce su kaɗai zan ƙwaƙule, abin da zai rage ba zai amfane ki ba, ni ma hankalina ba zai kwanta ba. Za mu cire shi duka, mu ɗauki kaluluwar hammata mu duba ko ciwon ya taka can."

A raina na ce, oh ni, ƙanƙantar da telata ke cusa wa soso a riga, yau ita ce har a takardar likita.

"Zan haihu?" Tambayar da ta fara fitowa daga bakina ke nan.

"Da yawa sun haihu bayan magani, sun shayar da guda ɗaya. Amma ba zan yi miki alkawari ba. Sai mun ga sakamakon abin da muka cire, sannan mu san ko za ki sha allurai. In za ki sha, ɗaukar ciki zai jira."

Yaya ta gyara zama. Na san saƙon Umma za ta isar. "Likita, bikinta saura sati bakwai. Ba za a iya ɗagawa ba har a gama?"

"Sati bakwai, ki haɗa da amarci, an doshi wata uku. Jikinta ne, ita za ta zaɓa. Amma ni ban ba da shawara ba. Ciwon bai san da biki ba." Ta dube ni. "Akwai wuri ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe."

Na ce a sa ni.

Daga nan aka tura mu wurin Sista, wata gajeriya mai faɗa-faɗa da ke kula da masu irin ciwona. Ta karanto mini abin da ke gabana tana ƙirgawa da biro. Gobe Talata gwajin jini, hoton ƙirji, gwajin zuciya, da ganin likitar allurar barci. Laraba da rana a kwantar da ni. Daga tsakar daren Laraba ba ci. Ba ɗankunne, ba zobe, ba jan farce, ba mai a jiki.

"Riguna masu maɓalli a gaba za ki zo da su, don hannun nan ba zai ɗagu ba sai an kwana biyu. Ki nemi ɗan ƙaramin filo na sawa a hammata. Za ki farka ki ga siririyar roba ta fito daga gefenki da 'yar gora a ƙarshenta, ruwa take janyewa, kar ki tsorata, kar kuma ki ja ta. Kina da miji?"

"Saura sati bakwai."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ya sani?"

Na kawar da kai. Ta buga hatimi ta miƙo mini takardar.

Bari in gaya muku ko wane ne shi. Mai gyaran firji ne. Injiniya nake ce masa don tsokana, shi kuma Malama yake ce mini. Firjin ofishin shugabar makarantarmu ya zo gyarawa, ya tarar ina yi wa wani ɗan ajina faɗa a kan jadawalin bakwai, ya ce shi ma har yau a bakwai sau takwas yake maƙalewa. Shekara biyu ke nan. Ya kama gida mai ɗaki biyu, da kansa yake fenti bayan ya tashi aiki. Kullum sai ya aiko hoto. Muna cikin motar komawa gida ni da Yaya ma sai ga saƙonsa, hoton labule kala biyu a kan benci.

"Malama, ruwan toka ko ruwan ƙasa? Ki zaɓa kafin mai shagon ya kore ni."

Na rubuta, "Ruwan toka." Ya sake turowa, "Ya jikin? Muryarki jiya kamar ta mai mura." Na rubuta, "Lafiya lau." Sati uku ke nan ina rubuta masa lafiya lau.

Muna isa gida muka tarar da takalmin Gwaggo a bakin ƙofa. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, don haka ba a yanke magana a gidanmu sai da ita. Ɗakina suka zaɓa, inda kwalayen tukwane da kofunan da aka saya mini suka kusa taɓa silin. Gwaggo a bakin gado da koren mayafinta mai duwatsu, Umma a ƙasa tana ninke zanen gadon da an riga an ninke.

Yaya ta zayyana musu komai. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "A ɗaga aikin kwana goma. Me zai faru a kwana goma? A ɗaura aure tukuna, ta zama matarsa. Bayan nan ko me ya taso, lalura ce ta same ta a gidansa."

"Gwaggo, ai ba a gidansa ta same ni ba."

"Ke yarinya ce. Namiji in ya ji kalmar nan, ko takalminsa ba zai tsaya ɗauka ba. Na gani da idona. 'Yar maƙwabciyata ko yanka ba a yi mata ba, magana kawai aka ji, aka fasa. Tana nan har yau a ɗakin uwarta."

Na dubi Umma. Ba ta ɗago ba. "Ni dai a rufa asiri," ta ce. "Abin da na roƙi Allah ke nan, in ga Auta a ɗakinta."

"Alhamis za a yi aikin," na ce. "Na riga na amsa."

Gwaggo ta tashi, ta gyara mayafi. "To ki yi Alhamis ɗinki mu gani. Amma bakinki alaikum, kar ki kuskura ki gaya masa." Ta fita tana latsa waya.

Kar ku zage ta tukuna. Gwaggo ce ta saya mini keken ɗinkina na farko. Tsoronta na gaske ne, ni ma da shi nake kwana.

Bayan magariba wani saƙon ya shigo, da fuskar dariya har uku: "Malama, ashe haka kika ƙosa? Ni ai a shirye nake ko gobe." Ban gane ba, kaina kuma ya yi nauyi, na kife wayar.

Talata tun bakwai ina layin ɗibar jini. Aka cika kwalabe huɗu, aka manna mini wayoyi a ƙirji takarda ta fito da zane kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Likitar barci ta sa na wangale baki, ta tambayi ko ina da haƙori mai girgiɗi, ko akwai maganin da jikina ba ya so. Daga can na wuce makaranta na miƙa takardar hutu. 'Yan ajina na gaya musu zan yi tafiya. Wata mai wushirya a layin gaba ta ce, "Malama, ki sayo mana alewa." Na ce to.

A bakin ƙofar makaranta na tsaya da jaka a hannu. Motar gida tana dama, ta shagonsa tana hagu. Tambayar Sista ce ta hana ni sakat. Ban yi wani dogon tunani ba, gaskiya. Na dai hango kaina a ɗakin nan mai labule ruwan toka, ina kwance maɓalli a gaban mutumin da bai san abin da zai gani ba. Na tsallaka titi.

Shagon nasa a ƙarshen layin masu walda yake. Firji sun kai goma a jere a waje, wasu ba ƙofa, wasu an kifa su a gefe. Ciki warin gas da dalma, bututun jan ƙarfe a rataye a ƙusa. Yana tsugune bayan wata babbar firiza, riga duk baƙin mai, ga ɗigon farin fenti a gashinsa.

"Malama da kanta? Yau za a yi ruwa." Ya jawo kujerar roba ya goge da gefen rigarsa. "Zauna. Lemo mai sanyi dai ba za a rasa ba a shagon nan."

"Bar lemon. Zauna kai ma."

Ya dube ni, ya kifa bokiti ya zauna a kai.

Tun a mota na shirya jawabi mai gabatarwa da komai. Duk ya gudu. Na ce, "Ina da kansa. A nonon hagu. Jibi za a cire shi gaba ɗaya."

Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya gama ya sake farawa. Firizar bayansa ta tashi da gurnani.

"Za ki warke?"

"Likita ta ce akwai kyakkyawan fata. Sai an cire an duba za a san sauran. Wataƙila in sha allurai, gashina ya zube. Haihuwa ma za ta jira, kuma ba a yi mini alkawarinta ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata biyu da fara zuwa asibiti. Sati uku da tabbatarwa."

"Sati uku." Ya ajiye tsumman. Na ga fuskarsa ta sauya, ba irin sauyin da na shirya wa ba. "Ashe shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Jiya da la'asar Gwaggonki ta kira yayana. Ta ce Baba zai yi doguwar tafiya, a matso da ɗaurin aure zuwa Juma'a ta sama, biki daga baya. Ni kuwa sakarai na yini ina washe baki, har masu walda na saya wa lemo."

Sai yanzu na gane saƙon jiya.

"Wallahi ban sani ba."

"Ta yaya zan san ba ki sani ba?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya zaro wayarsa yana ja da babban yatsa. "Lafiya lau. Lafiya lau. Lafiya lau, gajiyar makaranta ce. Ina aiko miki hoton labule, ke kina layin asibiti. Kayan da ya lalace ake liƙe wa fenti a sayar wa baƙo, Malama. Ni baƙo ne?"

"Ni ce kayan da ya lalace?"

Ya runtse ido. "Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Amma haka na ji tsoron za ka gani, shi ya sa na yi shiru. Laifi ne, na ɗauka." Na miƙe. "Ba roƙonka na zo yi ba. Na zo ka ji daga bakina. In ka fasa, ba zan zage ka ba, ba zan bari a zage ka ba."

"Kar ki yanke mini hukunci tun ban buɗe baki ba." Ya tashi shi ma. Ya miƙo hannu kamar zai karɓi jakata, ya ga baƙin mai, ya janye. "Je ki gida. Kaina ya cika."

Ya raka ni titi, ya tare mini mota, ya rufe ƙofar da kansa. Bai ce sai anjima ba.

Na samu Baba a tsakar gida a kan kujerarsa ta katako, rediyo a cinya. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin a hanya, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Gwaggo da Umma suna kan tabarma. Na durƙusa a gabansa ko mayafi ban cire ba.

"Baba, ashe tafiya za ka yi?"

Ya rage rediyo. "Ni? Ina?"

"Haka aka gaya wa mutanen Injiniya. Wai doguwa ce, a matso da ɗaurin aure."

Ya juya a hankali ya dubi yayarsa. Gwaggo ta ce, "Ni na faɗa. Don ita na yi. In ku ba ku san duniya ba, ni na santa."

"Na gaya masa komai, Gwaggo. Daga shagonsa nake."

Umma ta dafe ƙirji. Gwaggo ta tafa hannu. "Shi ke nan! Kin kashe aurenki da bakinki. Me ya ce?"

"Ya ce in tafi gida."

"Kin ji ko?"

Baba ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ya ce da Yaya, "Miƙo mini tabarau da waya." Ya daɗe yana neman lambar, da yatsa ɗaya. A gabanmu duka ya kira yayan Injiniya, suka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar ba komai.

Sannan ya ce, "Ba inda za ni. 'Yata ce ba ta da lafiya, kansa ce a nono, jibi za a yi mata aiki. An gaya muku abin da ba haka ba, kuma daga gidana maganar ta fito, don haka ni ke ba ku haƙuri. Ranar da aka sa tun farko tana nan inda take in kuna so. In ba kwa so, ba gaba tsakaninmu, za mu gaisa a hanya."

Ranar ce aka fara faɗin kalmar a gidanmu, kuma daga bakin da ban taɓa zato ba.

Gwaggo ta fashe da kuka. "Ni ka kunyata a gaban surukai? Ni da na goya ka?"

"Kin goya ni, ban manta ba. Amma ba za a aurar da 'yata da ƙarya ba." Ya tashi ya shiga ɗaki. Can sai ga shi da riguna uku a ninke, tsofaffin rigunansa na aiki, masu maɓalli daga wuya har ƙasa, ɗaya shuɗiya, biyu masu ratsi. Ya ɗora mini a cinya. "An ce masu maɓalli ake so. An wanke su."

Ban yi kuka a gaban likita ba, ban yi a shago ba. Riguna uku suka sa ni.

Laraba da safe na biya wurin telata. Rigar bikina tana jikin mutum-mutumi a lungu, ruwan zuma, an gama siket saura sama. Ta taso da tef a wuya. "Amarya! Zo in sake gwada ƙirjin, na ga kin rame."

"Ki dakata da saman nan," na ce. Na gaya mata dalili.

Ta zauna a kan kujerar keke. Ta cire alluran da ke bakinta ta soke a hannun riga. "Mene ne a ledar?"

Na nuna mata rigunan Baba, na ba ta labarin roba da gora. Ta juya ɗaya ciki waje, ta auna da tafin hannu. "Gorar za ta riƙa lilo tana jan ki. Bari in sa miki aljihu ta ciki." Kafin rabin awa ta ɗinka uku, ta haɗa mini ɗan filo da ragowar yadin rigar bikin. Da zan fita ta ce, "Rigar nan kuwa ki bar ni da ita. Shekara nawa ina cika miki biyu da soso? Ɗaya ne zai gagare ni?"

Na yi dariya har da riƙe ƙofa.

Ƙarfe biyu aka ba ni gado na uku a ɗakin mata, kusa da taga. Farin zane mai tambarin asibiti, ƙaramar loka mai lanƙwasasshiyar ƙofa, fanka ɗaya tana juyawa kamar an tilasta mata. Yaya ta jera kofi da buroshi da silifas. Na ɗauki waya. Tun rabuwarmu a titi ba kira ba saƙo. Na rubuta, "An kwantar da ni. Ɗakin mata, gado na uku. Gobe ƙarfe tara." Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Ba abin da ya shigo.

Matar gado na huɗu tana kallona. Za ta yi shekara hamsin, mai sayar da kayan yara ce a kasuwa, ƙarin jini ya kawo ta. "Wanne za a cire?"

"Na hagu."

"Nawa na dama ne, shekara biyu ke nan. Kin taɓa gani?"

Na girgiza kai.

"Ja labulen nan. Gara ki gani a jikin wata kafin ki gani a naki." Ta ɗaga riga. Layi ne guda, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, ya ɗan fi fatarta haske, wurin a shafe. Na daɗe ina kallo. Abin da na ƙera a kaina ya fi wannan muni nesa ba kusa ba.

"Yana ciwo?"

"Da farko. Yanzu sai dai in ji kamar ba fatata ba. Ki yi motsin da za su koya miki, ki riƙa tafiya da yatsu a bango kamar gizo, in ba haka ba kafaɗar ta ƙage." Ta sauke rigar. "Mai wayar fa, miji ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"Nawa sai da ya yi wata biyu kafin ya iya kallo. Ni kaina sati uku na yi ina wanka ido a rufe. Ki ba shi lokaci, amma kar ki ba shi ranki. Ranki na gobe ne."

Alhamis da asuba Sista ta kawo sabulu na musamman ta ce a yi wanka. Na ɗauki bokiti, sai Umma ta karɓe. Tun ranar Talata ba ta yi mini doguwar magana ba. Ta bi ni banɗakin ta rufe ƙofa. Rabon da ta yi mini wanka tun ina aji biyu. Ta cuɗa bayana, ta cuɗa wuyana, da ta zo wurin sai hannunta ya tsaya. Ta wanke shi a hankali, kamar fuskar jariri.

"Da na ga ya fara fitowa, ni na je kasuwa na sayo miki rigar ciki ta farko," ta ce. "Kika ɓoye ta a ƙarƙashin katifa don kunya." Ta zuba ruwa. "Ki yafe mini, Auta. Aurenki na sa a gaba, na manta ke nake so."

"Ba komai, Umma."

"A cire shi. Ke dai ki fito."

Ƙarfe takwas Likita ta zo. Ta tambayi sunana da aikin da za a yi mini, ta ce in faɗa da bakina. Na faɗa. Ta zana kibiya da baƙin biro a saman na hagu. Na sa hannu a takardar amincewa, na cire ɗankunne na ba Yaya, aka sa mini shuɗiyar riga mai igiya a baya da hular leda. Na duba waya karo na ƙarshe. Babu komai. Na miƙa ta.

Tara saura kwata aka turo gadon tafiya. Ina kwance ina ƙirga fitilun silin, Umma ta riƙe ƙarfen gefe, Baba da Gwaggo a baya. Eh, ta zo, idanu a kumbure, da filas ɗin shayin da ba zan sha ba. Muna shan kwanar ƙarshe Yaya ta taɓa ƙafata. "Auta."

Injiniya ne tsaye jikin bango kusa da ƙofar ɗakin tiyata, da rigar aikinsa, idanunsa ja. A kan benci kusa da shi wata dattijuwa ce da farin mayafi, jaka a cinya. Mahaifiyarsa. Sau biyu na taɓa ganinta, duka biyun kaina a sunkuye.

Sista ta dubi agogo. "Minti ɗaya."

Ya matso. Bai san inda zai sa hannunsa ba, ya riƙe ƙarfen gadon.

"Na rubuta saƙo ya fi ashirin, na goge," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba, an yi ta isa haka. Fushin bai tafi ba. Tsoro kuma ya fi fushin yawa. Jiya an zauna a gidanmu, wasu sun ce a dakata, wasu sun ce a fasa."

"Kai fa?"

"Ni na ce ina kan bencin nan har a fito da ke. Iyakar abin da na sani ke nan yau."

"Ya isa na yau," na ce.

Mai turawa ya saki birki. Sai muka ji, "Ku tsaya."

Dattijuwar ta taso a hankali, tana dafa gwiwa. Ba ta kalli Umma ba, ba ta kalli ɗanta ba. Ta tsaya a kaina, ta dubi fuskata, ta dubi bakin kibiyar da ya leƙo ta wuyan riga. Ƙafata ɗaya ta fito daga zane, ta ja ta rufe mini, ta danna gefen da tafin hannu.

"An ce ke kika je da ƙafarki kika gaya masa."

"Eh, Hajiya."

"To. In kin tashi, ni da ke muna da magana. Mu biyu, ba shi, ba mahaifiyarki." Ta ja da baya. "Ku tafi da ita."

Hannunta da ɗumi, muryarta kuwa ba ta nuna komai ba. Ƙofar ta buɗe, sanyi ya buge ni, ta rufe a bayana da su duka. Har aka ɗora ni a kan teburin, ƙarƙashin manyan fitilu, ina juya maganar ban gane ba ko karɓa ce ko sallama.

Likitar barci ta sunkuyo. "Malama, kin shirya? Miƙo hannun dama."

Na miƙa.